Malam Ishaya Ɗari-Bisa-Ɗari

A Tungar Tamada, wani ƙauyen masunta da ke bakin tafkin Kainji ta wajen Ngaski, aka haifi Ishaya Dogo. Ubansa masunci ne, kakansa ma haka, amma shi tun yana ƙarami da ya shiga kwalekwale sai cikinsa ya juya. Da uban ya ga ba za a ci moriyarsa a ruwa ba, sai ya miƙa shi boko, kamar yadda ake kyautar da ragar da ta yage. Ya yi ta lallaɓawa har kwalejin horon malamai, ya samu takarda a zama na uku, ya dawo gida da jan biro a aljihun gaba. Shekara goma sha ɗaya yana koyar da aji huɗu, ba yabo ba fallasa, kafin a ba shi hedimasta a firamaren garinsu.

A shekararsa ta farko ya yi aiki da zuciya ɗaya. Yara talatin da takwas ne a aji shida, duka ya rubuta sunayensu a jarrabawar shiga sakandare. Tara suka ci. A taron hedimastoci aka karanto makarantu daga sama zuwa ƙasa, tasa ce ta rufe ƙofa. Shugaban taron ya sa ya miƙe tsaye, ya tambaye shi ko tarwaɗa yake koyarwa a can. Aka yi dariya har da masu share hawaye. Malam Ishaya ya koma gida. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne makarantar da ta zo ta ɗaya yara takwas ne suka ci mata, nasa kuwa tara. Bambancin kawai, su goma suka kai. Ashe ba yawan waɗanda suka ci ake dubawa ba, ƙarancin waɗanda suka faɗi ake yabo. Wannan ne babban darasin da ya taɓa koya a rayuwarsa, kuma bai maimaita shi sau uku ba.

Da shekara ta zagayo, sai ya yi wa aji shida tankaɗe da rairaya. Ya fitar da bakwai ya zaunar a bencin gaba, ya tara musu tsofaffin takardun jarrabawa na shekara goma, suna haddace amsoshi safe da yamma kamar karatun aku. Sauran kuwa ya danƙa musu gonar makaranta, da shara, da ɗibar ruwa. Iyayen da suka tambaya ya ce musu ƙwaƙwalwar yaro kamar mangwaro ce, ba a tsinkar ta ɗanya, a bari sai baɗi. Yawancinsu ba su ja ba, domin lokacin jarrabawa ana neman hannu a gonar albasa da wajen shanya ƙananan kifin warangi.

Bakwai suka zauna, bakwai suka ci. Aka ba Malam Ishaya agogon bango da takardar yabo, matarsa Susan ta rataye su inda duk mai shigowa zai gani. Shekarar da ta biyo baya ya kai shida, shida suka ci. Daga nan sunan Dogo ya ɓace, kowa sai Malam Ɗari-Bisa-Ɗari. Ya sayi jaka mai zip a kasuwar Yauri, ya fara tafiya da hannu ɗaya a baya. Idan masu duba makarantu za su zo, labari kan riga su isowa. Sai a kora 'yan baya gona, 'yan gaba su amsa tambayoyi tun ba a gama yi ba, baƙi su koma da kwalin bandar giwan ruwa suna sa albarka. Kada a ɗauka yana ganin kansa macuci. Shi a ransa ya fitar da garinsu kunya ne, har mamaki yake da ba a taɓa yi masa godiya a coci ko a masallaci ba.

A shekara ta shida aka samu wadda ba ta yarda da zancen mangwaro ba. Asibi ce, mai bandar kifi a bakin ruwa, wadda mijinta ya rasu. 'Yarta Yasira ta shekara uku a aji shida, har rigar makarantar ta ɗage mata. Asibi ta zo ofishinsa da ƙaurin hayaƙi a zanenta, ta ƙi zama. Ya yi mata bayani a tsanake, cewa yarinyar na da ƙoƙari amma ba tabbas, kuma faɗuwar mutum ɗaya kan ɓata sunan makaranta gaba ɗaya.

Asibi ta ce, "Malam, ni ban yi boko ba, ka hwaɗa mini. Makaranta anka gina don ɗiya, ko ɗiya munka haihwa don makaranta?"

Ya ce wannan magana ce ta manufofin ilimi, ba za ta gane ba. Ta ce to, za ta nemi mai ganewa.

Sau uku tana hawa jirgin ruwa zuwa ofishin ilimi ana ce mata ta dawo. A na huɗu ta dace da wata sabuwar ma'aikaciya, Malama Zulaihatu, wadda ba ta daɗe da kama aiki ba balle ta san abin da ba a taɓawa. Ranar wata Talata da hantsi sai ga ta a Tungar Tamada, ba sanarwa. Ta tarar da bakwai a aji, talatin da bakwai a gona suna kai ruwa ga albasa. Ta sa aka tattaro su duka, ta raba musu takardun da ta rubuto da kanta. Malam Ishaya ya tsaya a bakin taga yana murmushin da bai kai ciki ba, ya aika a shirya banda. Ta ce ba ta cin kifi.

Cikin arba'in da huɗu, goma sha ɗaya ne suka iya karanta labari mai layi biyar. 'Yan bencin gaba, da suka ga tambayoyin ba irin waɗanda suka saba ba ne, huɗu suka zuba wa takarda ido kamar ta yi musu laifi. Yasira ta karanta tana tuntuɓe, amma ta kai ƙarshe.

Kwana biyu Malam Ishaya bai iya cin tuwo ba. Ya kwashe takardunsa cikin jaka yana jiran kora. Sai dai ya manta cewa duk wanda zai kore shi, sa hannunsa na jikin takardun yabon da ke bangon Susan. Rahoton Malama Zulaihatu ya shiga durowa ya kwanta. Ita aka mayar da ita wata makaranta can ƙetaren ruwa, wai a can aka fi bukatar himmarta. Shi kuwa aka ce zamansa a ƙauye ɓarnar basira ce, aka ɗauke shi zuwa ofis ya riƙa ba hedimastoci shawara kan inganta sakamako.

Wanda ya gaje shi, Malam Sadiq, ya rubuta sunan kowa. Goma sha huɗu suka ci, har da Yasira, ninki biyu na abin da makarantar ta saba fitarwa. Malam Ishaya da kansa ya rubuta masa takardar gargaɗi kan zubar da darajar makaranta.

Bara ya yi ritaya, ya koma Tungar Tamada yana noman albasa. Idonsa ya yi rauni, ƙananan rubutu sun fi ƙarfinsa. Kwanan baya tsutsa ta faɗa wa gonar, ya sayo magani a Wara, ya kira magidanta biyar da ke masa ƙodago, dukansu sun yi aji shida a hannunsa, ya ce wani ya karanta masa yawan ruwan da ake sirkawa. Kwalbar ta zaga hannu biyar ta dawo masa. Suka sirka da ka, kunya uku na albasa suka ƙone.

Har yau idan ya zauna a gindin ɗorawa yakan ba da wannan labari da takaici. Yakan girgiza kai ya ce ilimi ya lalace a ƙasar nan, kuma shi dai ya rasa inda matsalar take.