Hutun da Na Yi a Kan Kujerar Alhaji

Shekarun baya, ina ɗalibi a Kongo, reshen jami'ar Zariya, kuɗin man fetur ya shigo ƙasar nan har mutane suka rasa inda za su sa kansu. An yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa ya sayi babur ko rediyo mai kaset, duk inda ka juya a Zariya gini ake yi. A lokacin ne malaminmu ya ce duk mai shiga shekarar ƙarshe sai ya nemi wurin aiki a dogon hutu, ya dawo ya tsaya gaban aji ya faɗi abin da ya koya, kuma da wannan zai ba da maki.

Abokina ya samu wuri a wani banki a Kaduna, ya ce in zo akwai sauran gurbi. Har na sa an goge mini riga, sai na yi kuskuren faɗa a gaban kawuna.

"Kaduna?" in ji shi. "Ɗan Malam guda zai je yana bin ofis-ofis kamar marar gata? Bari in ga Alhaji."

Alhajin nan ɗan kwangila ne a unguwarmu, Tudun Wada, kuma tun yana saurayi yake ɗaukar karatu a zauren mahaifina. A da goro yake sayarwa, amma a lokacin ya mallaki tifa biyu da marsandi. Mahaifina da ya ji, sai ya ce, "Allah ya sa albarka." A gidanmu in an faɗi haka, magana ta ƙare. Abokina ya tafi Kaduna shi kaɗai.

Ofishin Alhaji a saman wani shago yake, da kafet da fanka. Ya karɓe ni hannu biyu, ya nuna mini tebur sabo fil da kujera mai juyawa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, da wane aiki zan fara?"

Ya ce, "Zauna tukuna ka sha iska."

Na zauna. Washegari na zauna. Mako ya zagayo ina shan iska. Akwai akawu a ofishin, amma da zarar na matso kusa da shi sai ya rufe durowa ya jefa makulli a aljihu, don ya ɗauka aikinsa na zo ƙwacewa.

A hankali na gane abin da aka ɗauke ni in yi. Duk sanda baƙo ya zo, sai Alhaji ya ɗaga murya: "Ɗan jami'a! Zo ka gaisa." In na durƙusa na gaida baƙo, sai ya ce, "Yi masa Turanci ya ji." Ni kuwa in tsaya ƙato da ni, da gashina da na tara ya yi tsiri, ina tambayar wani dattijo mai sayar da katako lafiyar iyalinsa da Turanci. Dattijo ya kaɗa kai ya ce masha Allah. Alhaji ya ce, "A nan yake aiki." In koma kujera.

Na kai ƙara wurin mahaifiyata. Ta ce, "Zaginka yake yi?" Na ce a'a. "Yana hana ka salla?" Na ce a'a. "To me kake so, ɗan nan? Wasu a rana suke yini." Ta ci gaba da tankaɗenta.

Rannan Alhaji ya ce in shirya, za mu ma'aikata a Kaduna kan maganar wata kwangila. Na ce alhamdu lillahi, yau zan ga yadda ake yi. Ya ba ni wata baƙar jaka mai nauyi na rungume tun daga mahaɗar Kwangila ta Zariya har Kaduna. Da muka isa, ya gabatar da ni ga duk wanda muka haɗu da shi a baranda, sannan ya shige ofishin babban jami'in wurin ya ce in jira a benci. Da azahar ya fito ya ce in buɗe jakar. Dadduma ce a ciki, da silifa, da ƙullin goro.

A hanyar dawowa na kasa daurewa. Na ce, "Ranka ya daɗe, don Allah a ba ni aiki. Ko lissafin siminti ne, ko zuwa wurin gini. Hutu ya kusa ƙarewa ban koyi komai ba."

Ya juyo ya dube ni da mamaki na gaske. "Aiki? Ai don ka huta da aiki aka kai ka jami'a. Kuma da wane ido zan dubi Malam in ya ji na sa ɗansa wahala?"

Na dage, har ya ce to, gobe direba zai kai ni unguwar Hanwa, inda suke gina gidajen ma'aikata. Na yi murna, na sa tsohon wando. Ina sauka daga mota na hango kujera a gindin mangwaro, da kwalbar lemo a gefenta. Na yi kamar ban gani ba, na sunkuya zan ɗaga bulo, sai ga shugaban leburori a guje.

"Malam, ka rufa mini asiri! Alhaji ya ce in ƙura ta taɓa rigarka, a bakin aikina."

Na dube shi, na dubi kujerar. Na je na zauna na sha lemon.

Da aka koma makaranta, abokina ya yi bayani kamar shi ya kafa bankin. Da aka zo kaina, na rasa ƙaryar da zan yi, sai na ba da labarin yadda yake. Aji ya yi ta dariya har da masu buga tebur. Malaminmu bai yi dariya ba. Ya ba ni makin da ya hana ni faɗuwa da ƙyar, kuma wannan makin ya ja sakamakona ƙasa. Shi kuwa Alhaji har gida ya zo ya gaya wa mahaifina cewa bai taɓa ganin yaro mai ƙwazo kamata ba, ko sau ɗaya ban yi fashi ba.

Alhaji ya rasu, Allah ya jiƙansa. Na san ƙauna ce da girmama mahaifina suka sa ya yi haka, kuma shi ya sa abin ya fi ba ni haushi, don ba wanda zan yi wa faɗa. Har yau in na tuna sai na yi tsaki.

Saboda haka da na zama mai ofis, na yi alkawarin duk ɗalibin da aka turo mini, ran da ya zo zan ɗora masa aiki. Na farkon da ya zo, na tara masa fayil-fayil, na ja kujera kusa da shi ina zumuɗin koya masa. Ya dubi tulin, ya sosa ƙeya, ya ce, "Baba, ni fa hannu kawai nake so a sa mini a takardar makaranta. In ba damuwa, ni zama ma ya ishe ni."