Sunayen da Ba Mu Faɗa Ba

Ban taɓa son ƙwallo ba, har yau kuma ba na son ta. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya ɗauka kukan wasa nake yi.

Jikata ita ce ɗiyar fari ga ɗiyata. A ɗakina aka haife ta, a ƙauyenmu na bakin tur'a, babbar hanyar ruwan noma, kusa da Suki, kuma ranar da aka yaye ta na goya ta na kawo gida, kamar yadda kakata ta yi da ni. Haka muka gada daga iyayenmu da suka taso daga yamma da niyyar Makka suka yada zango a nan. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, in an tambaye ta shi ma sai ta kau da kai. Ɗiyata ta riƙe wannan kunya da kyau, don ni na koya mata. "Yarinyar nan" take cewa, ko "ta wajen Inna". Yarinyar kuwa ta tashi tana ce mini Inna, tana ce wa uwarta Yaya.

Tun tana ƙarama hannunta ba ya sakin abu. Wata rana jabana, butar gahawarmu ta yumɓu, ta zame daga faranti cike da gahawa mai zafi, ta cafe ta kafin ta kai ƙasa, ko tsaki ba ta yi ba. In an gama sussukar dawa, yara maza kan mai da masussukar filin wasa, da ƙwallon tsumma da duwatsu biyu a kowane gefe. Babu mai son tsayawa tsakanin duwatsun, sai suka tsai da ita. Karan audugar da na karya a ƙafafunta ba su ƙirguwa. In dake ta da safe, da la'asar in hango ɗankwalinta tsakanin duwatsu.

Da ta isa shiga makaranta aka ce sai da takardar haihuwa. Mu a gida muke haihuwa, wa ya rubuta? Muka shiga lori mu uku, ni da ɗiyata da yarinyar, muka tahi birni. Likita ya buɗe bakinta ya duba haƙora ya yanke mata shekaru. Daga nan aka tura mu wajen magatakarda, wani saurayi mai gumi a goshi, mutane cunkushe a ƙofarsa.

Ya dubi ɗiyata ya ce da Larabci, "Di bit minu?" Wato ɗiyar wa ce.

Ɗiyata ta ja tobin da ta yi lulluɓi da shi ta rufe fuska. Wallahi a ranar daɗi na ji. Na ce a raina, ga tarbiyya, ko a gaban hukuma ba ta zubar ba.

Na ce, "Tawa ce."

Ya ce, "Sunan uba?"

To, nan fa. Ɗiyata ba ta faɗin sunan mijinta. Ni ba na faɗin sunan surukina, ko a bayan idonsa. Shi kuma yana can noman rani wajen Abu Hujar. Magatakarda ya buga alƙalami a tebur ya ce, "Ya hajja, akwai mutane bayanku." Sai na kwance bakin zanena na ciro katin hawashar marigayi Malam, maigidana, katin gonar da hukuma ta yanka masa ke nan, wanda ba na zuwa wani ofishi ba tare da shi ba, na miƙa masa. Ya kwafe sunan, ya buga hatimi. Muka fito babu wadda ta furta sunan kowa. A hanya har na saya wa ɗiyata lemo, abin da ban saba ba.

Malam kuwa ya fi shekara goma a ƙasa kafin a haifi yarinyar. Ban ga abin damuwa ba. Takarda ce ta makaranta, kuma jininsa ne.

Da ta gama ta ƙauye, kawunta ya ɗauke ta zuwa Khartum ta ci gaba da karatu. Na yi murna, na ce can babu masussuka. Ashe can har mata ke da ƙungiya, da riguna iri ɗaya. Shekara biyu tana tsaron raga ban sani ba, kawun nata ya rufa mata asiri.

Na sani ne ranar da mai koyar da su ta zo ƙauye da kanta. Doguwar mace ce, ta yi sallama ta cire takalmi kafin ta hau tabarma, wannan na lura da shi. Ta ce an gayyaci ƙungiyarsu gasa a ƙasar waje, ta samari da 'yan mata waɗanda ba su kai sha takwas ba, daga ƙasashe da yawa. Ta ce a duk yaran da ta koyar ba ta ga mai hannun jikata ba.

Na ce, "Maza da mata wuri guda?"

Ta ce, "Gari guda, ya hajja, amma fili daban, masauki daban. Ɗakina ne a bakin ƙofa."

"Mi za ta sa?"

Jikata ta buɗe jaka ta shimfiɗa kayan a kan angarib, gadona na igiya. Wando har idon sawu, riga mai dogon hannu, abin rufe kai, da wasu safar hannu manya kamar na mai ɗiban zuma. Na ɗaga wandon na duba shi a rana, ko yana nuna jiki. Bai nuna ba.

Ta ce, "Inna, duba da kyau, kada aljani ya ɓuya a aljihu."

Na ce, "Rufe mini baki, mai ƙafar maza. Wa zai auri macen da ke faɗuwa ƙasa da gangan?"

Ta ce, "Wanda ba ya son a fasa masa jabana."

Kwana uku ina juya maganar. Matan unguwa suka yi ta shigowa aron gishirin da ba su buƙata, kowace da abin da za ta ce. A rana ta huɗu na ce ta tahi. Ba don ƙwallo ba. Na tuna ne kakanninmu sun fita da ƙafa don su ga abin da ke gaba, mu kuma mun tsufa tsakanin tur'a da hawasha. Ta rungume ni har na ture ta.

Saura wata guda tafiya suka je neman jawaz, takardar fita ƙasa. Sauran yaran aka karɓi nasu. Ita aka ce ta kawo ubanta. Ta ce wanda ke takardar ya rasu, don ita kanta ba ta taɓa ɗaukar abin da nauyi ba. Aka ce ta kawo shaidar rasuwa. Kawunta ya nemo, ya kai. Jami'in ya ajiye takardun biyu gefe da gefe, ya kira na kusa da shi ya nuna masa.

Ni da kaina na hau bas na tahi. Na tsaya a gabansa na faɗa masa yadda aka yi, da Larabcina na gona da kasuwa.

Ya ce, "Ya hajja, mataccen shekara goma ba ya haihuwa. Ko takardar ƙarya ce, ko yarinyar ba 'yar ƙasar nan ba ce. Ku dai kullum da labari."

Na san su wa yake nufi da "ku": mu jikokin mutanen yamma. Ubana ya haƙa tur'ar da ke shayar da audugar rigar da ke jikinsa, amma mu in mun zo neman takarda sai an tambaye mu kakan kaka. Da wata ce, wataƙila da an gyara da alƙalami. Wannan gaskiya ne, ba zan janye ba. Sai dai ba shi ya miƙa katin ba.

Ya ce sai kotu ta tabbatar da uba.

Aka aika wa surukina, a lokacin yana haƙar zinariya can arewa. Kwana tara kafin saƙo ya same shi ya iso. Muka tara shehen ƙauye, wato mai gari, da ungozomar da ta yanke cibi, tsohuwa da ƙyar take gani. Mai koyarwar tana bugo waya kowace safiya, tana cewa ta riƙe mata gurbi, amma masu gasa sun sa ranar rufe sunaye.

Alƙali dattijo ne, bai yi mana tsawa ba. Ya saurari shehe, ya saurari ungozoma. Sannan ya dubi ɗiyata ya ce, "Ke kika haife ta?"

Na ga hannunta ya nufi bakin tobi. Mace mai 'ya'ya shida, furfura ta fara fito mata, za ta rufe fuska. Na kai hannu na mintsine ta a cinya, daidai inda nake mintsininta tana ƙarama in ta yi rashin kunya.

Na ce, "Faɗi."

Ta ce, "Inna…"

"Faɗi, don Allah. Faɗi sunanta."

Ta faɗa. Muryarta ta fito kamar ta mai zazzaɓi. "Ɗiyata ce, ni na haife ta," sannan ta kira sunan, karo na farko tun ranar suna. Jikata ta juyo ta dube ta, ba ta ƙifta ba. Alƙali ya tambaye ni wane ne uban. Surukina na tsaye taku biyu daga gare ni, idonsa a kan takalminsa. Na kira sunansa da na ubansa da na kakansa, a gaban maza. Rufin kotu bai faɗo ba. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan: numfashi ɗaya ne, da na yi shi shekara goma da suka wuce da an gama.

Alƙali ya amince. Amma hukuncinsa sai ya bi ta wani ofishi a soke tsohuwar takarda, wani ya fitar da sabuwa, wani ya ba da lamba, kafin a zo ga jawaz. Kowane da ranar da za a dawo. Mai koyarwar ta riƙe gurbin har ranar ƙarshe, sannan ta sa wata yarinya. Jirginsu ya tashi. Jawaz ya fito bayan kwana goma sha ɗaya, kyakkyawa, da hotonta tana murmushi.

Tun kafin ya fito ta dawo ƙauye, lokacin tsinkar auduga. Ranar wasansu na farko ta zauna a inuwar darbejiya da wayar kawunta, 'yan mata sun kewaye ta. Na fito da tsintsiya kamar mai shara, na tsaya a bayansu. Mutanen ciki ƙanana ne kamar tururuwa, amma na gane wadda ke tsaron raga, da riga irin wadda na duba a rana. Sau uku ƙwallo ta wuce ta. A na uku na ga hannuwan jikata sun motsa a cinyarta, su kaɗai.

Ba ta waiwayo ba ta ce, "Habboba, matsa kaɗan, inuwarki na kan gilashin."

Habboba, yadda 'ya'yan Larabawa ke kiran kakarsu. Na matsa.

Matan unguwa suka zo yi mini barka, wai Allah ne ya tsare mana mutunci, ɗiya mace ba ta je ta yi tsalle gaban duniya ba. Na ce su ajiye mini gishirina su fita. Da shekara ta zagayo aka sake gasar, ita kuwa ta haura sha takwas bisa ƙirgen likitan haƙora.

Yanzu tana koyar da yara a wata makaranta a Sinnar. Tana zuwa kowace salla, ta kawo mini sukari da ganyen shayi, ta yanke mini farce, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Safar hannun na rataye a ƙusa a ɗakina, inda ta bar su, ina kakkaɓe musu ƙura ranar Juma'a. Uwarta take ce wa Inna yanzu, uwar kuma na kiran sunanta daga wannan katanga zuwa waccan, har maƙwabta sun daina mamaki. Ni in ta yi sallama ta ce, "Habboba, kin wuni lahiya?" sai in amsa. Haka takarda ta ce, kuma takardar yanzu daidai take.