Asabar ɗin Jibo Wanzami

A Kurfi, in mutum na son sanin shekarunsa, ba takarda yake nema ba, Jibo Wanzami yake nema. Tun wajen 1950 da ya gaji zabirar ubansa, da wuya a yi suna daga cikin gari har Rawayau ba shi ya yi askin jariri ba. Karatun boko kam ko baƙi bai sani ba, amma kowane kai da ya aske yana da abin da ya ɗaure shi da shi. Wannan shekarar da Sarauniya ta zo Kaduna, wancan ranar da aka jefa ƙuri'a, wancan kuma ranar da jakin Bilya ya faɗa rijiyar kasuwa. Bilya ya tsani wannan lissafi, don yara huɗu ake ƙirga wa shekaru da jakinsa.

Rana ɗaya ce Jibo ba ya son a taɓo, Asabar ɗin da aka samu 'yancin kai. Da hantsin ranar yana gidan Alhaji Maniru mai shago, yana aske wa Ramlatu, ɗiyar Alhajin, gashin suna, 'yan makaranta na wucewa da tutoci, aka aiko masa matarsa Kulu ta sauka. Mace ce, ta farko bayan shekara tara da aure. Ranar Laraba jaririyar ta koma. Ba a yanka rago ba, ba a raɗa suna ba, askarsa ba ta taɓa kanta ba. Mutane suka yi gaisuwa suka manta, shi ne abin ya zauna wa a rai.

Da aka shekara bakwai, sabon hedimasta, Malam Rabe, mutumin Dutsin-Ma, ya ce yaron da aka haifa ranar 'yanci shi zai riƙe tuta a bikin bana. Alhaji Maniru ya ce ai Ramlatu ce, gari duk ya sani. Har ya sa an ɗinka mata sabbin kaya. Malam Rabe mutum ne mai son shaida, sai ya aika a kira wanzami.

Jibo ya san abin da ake so ya ce. Alhaji Maniru ubangidansa ne, shi yake wa aski da ƙaho, kuma kalma ɗaya ta isa. Amma ɗiyarsa ba ta bar komai a duniya ba sai wannan rana, ga shi ana so a ba wata.

Ya tarar da Malam Rabe da Alhaji a ofis, ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe su.

"Malam, ranar na aske ta," in ji shi. "Haihuwa kau, Asabar ɗin baya ce."

Alhaji ya ɓata fuska. "Haba Jibo, mako guda mi ne ne?"

"Allah shi ba ka haƙuri, Alhaji. A wurina wani abu ne."

Malam Rabe ya ɗaga alƙalami. "To wa aka haifa ran nan a garin nan?"

"Ɗiyata. Kwana biyar ta yi."

Alhaji Maniru ya sunkuyar da kai, don ya je gaisuwar da ƙafarsa, ya kuma manta. Malam Rabe ya tambayi sunanta. Jibo ya ce ba ta kai suna ba, amma Asabe uwarta take ce mata in sun zauna su biyu.

Ramlatu ce ta riƙe tutar, don dole wani ya riƙe, Jibo ma bai ce a hana ta ba. Ranar Juma'a ya je ya yi wa Alhaji aski kamar kullum, ba wanda ya ta da zancen. Sai dai tun ranar shaidar, Malam Rabe ya yagi 'yar takarda ya yi rubutu ya miƙa wa Jibo: Asabe Jibo, 1 ga Oktoba, 1960.

Jibo bai iya karantawa ba. Ya kai wa Kulu, ita ma ba ta iya ba. Ta juya takardar, ta ce ya nuna mata inda sunan yake. Ya ɗora yatsa a farkon layin, inda ya ga Malam ya fara.