Baƙin Gwadon da Na Kafa a Tagar Baba

Shekarun baya can, lokacin da ruwan dam ɗin Tiga ya tashe mu daga ƙauyenmu, na yi wani aiki da na ɗauka ladabi ne. Har yau in na tuna shi sai in ji ɗaci a bakina.

Ina koyon ɗinki a Kano a lokacin, kuma ni ne ɗan fari. Wanda ya san gidajenmu ya san abin da hakan ke nufi: mahaifina bai taɓa kiran sunana ba, ba ya ma yi mini magana kai tsaye. In yana da saƙo, mahaifiyata zai faɗa wa, ko da ina tsugune a gabansa. "Ki ce wa yaron nan kaza." Haka muka rayu.

Da aka mayar da mu kan tudu, ni na nace a fasa wa ɗakinsa taga babba irin ta birni, don a san an je Kano. Tagar kuwa sai ta fuskanci ruwa. Baba ƙafafunsa sun riga sun ƙi, daga shimfiɗa sai kujerar da ke gindin tagar.

Zuwana biyu ina tarar da shi a wurin bayan la'asar, idonsa na zubar da ruwa. Na tambayi Inna. Ta leƙa ta ce, "Malam, yaron nan na tambaya ko idon ne ke damunka."

Ya share fuska da hannun riga ya ce, "Hasken ruwan nan ne. Ƙyallinsa ya yi yawa."

Ni kuma tela sabon shiga, na ji an ce haske, sai na ce ai an zo fagena. Ranar kasuwar garin Ƙofa na yi sammako neman abin da zan rufe tagar da shi. Na ɗaga asabari ga rana, haske na bi ta tsakanin karare, na ajiye. Buhu ƙofofinsa sun yi yawa, ga warin gyaɗa. Atamfa kuwa ko ninki biyu aka yi mata kana ganin tafin hannunka ta baya. Sai can wurin wani dattijo mai saƙa na sami gwado mai kauri, rinanne baƙi ƙirin. Na rufa shi a fuska na kalli rana tsaka, ban ga komai ba.

Dattijon ya yi dariya ya ce, "Samari, ɗaki za ka rufe ko kabari?"

Na ce, "Baba, magani nake nema."

Na ninka shi biyu, na bi gefensa da ɗinki. Ban rataya shi a igiya yadda za a iya ja gefe ba, saboda kada iska ta ɗaga shi. Ƙusa na buga masa a katakon tagar, sama da ƙasa, hagu da dama. Ɗaki ya yi dulum da rana tsaka. Na tsaya ina haki ina jiran yabo.

Baba ya juya wajen Inna. Ya ce, "Ki ce masa madalla. Allah ya yi albarka."

Na koma Kano ina ba abokan aikina labari.

Ban sake zuwa ba sai da damina ta ɗauke. Ina shiga ɗakin na ga wani ɗan zaren haske ya ratsa duhun. An tsettsefe gwadon a wuri ɗaya, rami kamar girman ɗan yatsa, daidai inda idon mai zaune zai kai. Na fito na ce wa Inna ɓera ya ɓata mini aiki.

Ta ajiye faifan da ke hannunta ta ce, "Ba ɓera ba ne. Shi ne, da farcensa. Kukar tsohon gidanmu yake kallo. Kanta ya rage a saman ruwa, kuma ka san a gindinta aka binne kakarka."

Na ce, "Inna, me ya hana ki cire?"

"Na ɗauko wuƙa sau biyu. Ya ce aikin yaron nan ne, shi ne abu na farko da ya kawo masa da guminsa, kada wanda ya taɓa."

Na koma da gudu na fizge gwadon, ƙusoshi na zuba a ƙasa. Haske ya cika ɗakin. Na duba gabas na duba yamma, ruwa ne shimfiɗe har iyakar gani. Daminar nan ta ƙara masa, ya shanye kukar gaba ɗaya.

Baba bai ko ɗaga kai ba. Ya ce, "Ki ce masa ya mayar da shi. Yanzu ba abin kallo."

Na mayar. A cikin duhun nan ya ƙarasa sauran kwanakinsa.

Na daɗe ina jin haushin wannan kunyar tamu da ta hana uba ya ce wa ɗansa, "Bar mini tagata." Amma haushin kaina ya fi. Na ɗaga kaya huɗu ga rana ina gwadawa, ban taɓa tsugunawa gefen kujerarsa na kalli inda yake kallo ba.

Na yi shekara arba'in ina ɗinka wa mutane labule. Duk wanda ya ce baƙi yake so mai hana haske, sai na tambaye shi wa ke kwana a ɗakin. Kuma a igiya nake rataya shi. Ban sake buga wa labule ƙusa ba.