Batirin Yaya Gawie

Yayana Gawie ya yi shekara arba'in da ɗaya yana kiwon tumakin mutane a kan tudun Roggeveld, kuma taurin kansa ya girmi kiwon. Gidansa karaban ne, ɗakin nan mai taya da mota ke ja, sai dai nasa tayoyin sun sace tun ina da sauran ƙuruciya.

Bara likita ya ce numfashinsa na ɗaukewa cikin barci, ya ba shi na'urar da zai riƙa ɗaurawa a hanci. 'Yarsa Rosaline ta kafe sai ya koma wurinta a Worcester. Shi kuwa ya ce sai dai a sauko da gawarsa. Da ƙyar na shiga tsakani aka yi sharaɗi. Na'urar tana ƙirga awannin da aka yi amfani da ita. Rosaline za ta zo ƙarshen Yuli, tsakiyar hunturu a wurinmu, ta duba. In yana sawa ya zauna, in ba ya sawa ya tattara komatsansa.

Matsalar wuta ce. Batirin karaban fitila da rediyo kawai yake iya ɗauka, ga ranar hunturu gajera. Na kinkimo batirin da marigayi mijina ya bari a gareji, da farantin sola, na hau tudun. Ni da shekara sittin da biyu ina durƙushe ƙarƙashin gado, yatsuna sun ƙage don sanyi, shi yana tsaye a kaina da kofin kofi yana koya mini aikin da bai taɓa yi ba. Wai wayar ta yi siriri. Wai farantin zai jawo tsawa. Na haɗiye, na sa jar waya a mazauninta, baƙa a nata, na ɗaura fis, na juya farantin ya kalli arewa, inda rana ke bi a wurinmu. Na gaya masa har sau uku cewa wannan batirin na hancinsa ne kaɗai. Ya ce ya ji, ai ba kurma ba ne.

Ranar Asabar ɗin da muka zo da Rosaline, raɓa ta daskare a kan ciyawa fari fat. Ko zama ba ta yi ba ta danna na'urar. Awa goma sha tara kacal cikin mako ukun da na haɗa batirin.

Na ɗauka ni na yi kuskuren haɗi. Na sake shiga ƙarƙashin gadon ina bin wayar da hannu. Ashe an yanke ta, an ƙulla wata da salatif, ta bi bango ta shige bayan teburin cin abinci. Can na tarar da akwati, cikinsa bargon lantarki, cikin bargon 'yan tumaki huɗu suna barci abinsu. Kwana uku bayan tafiyata ƙanƙara ta sauka tumaki na tsakiyar haihuwa, tun daga nan iyayen suka yi ta mutuwa.

Takaici ya ishe ni, wallahi kamar in rufe shi da duka. Amma ɗan'uwa ɗan'uwa ne. Na miƙe na fara shirya wa Rosaline ƙarya, cewa fis ne ya ƙone, laifina ne, a ƙara masa wata guda.

"Doortjie, bar shi," in ji shi. "Aikinki ba laifi. Ni na yanke."

Na harare shi har idona ya yi zafi. Ko a jikinsa.

"Baba, ka san abin da muka yi da kai," in ji Rosaline.

"Na sani. Ni shekara sittin da bakwai ina numfashi ba tare da inji ba. Wancan ƙaramin kwanansa biyar a duniya."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Jakarsa ta jawo ta fara ninke riguna. Bai hana ta ba. Ya ɗumama madara, ya ɗiga a bayan hannunsa ya ji zafinta, sannan ya miƙo mini kwalbar shayar da 'yan tumakin.

"Duk awa huɗu," ya ce. "Mai baƙin kunnen ba ya kamawa sai kin sa masa yatsa tukuna."

Ya shiga motar Rosaline ya zauna a baya, hularsa a kan gwiwa. Ni kuma na tsaya a ƙofar karaban da kwalba a hannu, ina zaginsa ina kuka.