Ranar Da Na-Sama Ya Tsayar Da Inji

Na-Sama ake ce masa a wurin gini, domin shekara goma sha huɗu ke nan yana tuƙa injin ɗaga kaya, dogon nan da ake kafawa a gefen bene. Da safe yakan hau tsani mai mataki ɗari da ashirin ya shige ɗan ɗakin gilashi, sai yamma ya sauko. Matarsa ta rasu tun da daɗewa, 'yarsu ɗaya tana aure a nesa. A gida ba mai tambayarsa me ya ci.

Ciwon ya fara masa da ƙishirwa. Sai ya koma hawa da jarka biyu, ɗaya ta ruwa, ɗaya ta fitsari, tun da sauka da hawa sai su cinye rabin awa. Da ya rame har wando ya daina zama masa, ya je asibiti. Likita ta ce suga ne, ta rubuta masa allura safe da yamma, ta kuma ja masa kunne.

"Baba, in ka yi allurar nan, kada lokacin abinci ya wuce ka, in ba haka ba sugan zai yi ƙasa, jiri ya ɗebe ka. Wane aiki kake yi?"

"Direba ne," ya ce, bai ƙara ba.

Bai gaya wa kowa a wurin aiki ba. Ya san in injiniya ya ji, sauke shi za a yi. Yakan yi allurarsa a ɗaki kafin ya fito, ya zuba ƙwayoyin sukari a aljihun riga ko da sugan zai yi ƙasa. In 'yarsa ta bugo waya ta ce, "Baba, ya jiki?" sai ya ce, "Garau nake, ina jikokina?" Shekara uku ana haka.

Ranar da za a zuba kankare a hawa na tara, motoci suka yi layi tun safe. Injiniya ya yi magana ta oba-oba, rediyon hannu, ya ce yau babu hutun rana, kankare ba ya jira. Ƙarfe ɗaya ta wuce, biyu ta wuce. Kwanon abincin Na-Sama na nan gefen ƙafarsa, amma hannayensa biyu na kan sandunan tuƙi. Wajen biyu da rabi ya ji gumi mai sanyi a ƙeya. Yatsunsa suka fara rawa. Ya leƙa ƙasa, ya ga mai yi masa alama da hannu ya zama mutum biyu. A lokacin bokitin kankare na lilo a sama, ƙarƙashinsa birkiloli shida.

Ya tsayar da injin, ya ja birki.

"Na-Sama! Me ya faru?" injiniya ya daka tsawa. "Barci kake yi?"

Harshensa ya yi nauyi. Da ƙyar ya zura hannu a aljihu, sukarin ya zube, ya tsinci uku a ƙasa ya tauna. Oba-oba na ta zage-zage. Wani birkila ya shigo layin yana dariya ya ce ko amarya ya ɓoye a can sama ne. Na-Sama ya jingina kai da gilashi, yana ƙirga numfashinsa. Sai bayan kusan minti ashirin idonsa ya washe. Ya sauke bokitin a hankali, ya cinye abincinsa ana ta yi masa ihu, sannan ya ƙarasa aikin.

Washegari bai hau ba. Ya sami injiniya a ofishinsa na kwantena, ya ajiye takardar asibiti a kan tebur. Injiniya ya karanta, ya cire tabarau.

"Tun yaushe?"

"Shekara uku, ranka ya daɗe."

"Haba, Baba! Da ka kashe min mutane fa?"

"Shi ya sa na zo da ƙafata."

Ba a kore shi ba. Aka mai da shi sito, yana ba da hular kwano da safar hannu. Yanzu yana cin abinci ƙarfe ɗaya daidai, a bayan kanta, tsakanin buhunan ƙusa. Siton ba shi da taga. In ya ji ƙarar injin ta canza, ya san sabon direban ya fizgi kaya da sauri, sai ya ji kafaɗarsa ta ɗaure.

Wata rana wani sabon lebura ya zo karɓar safa, ya tsaya hira.

"Baba, an ce akwai wani tsohon direba da ya taɓa tsayar da kaya a sama yana barci. Gaskiya ne?"

"Ba barci ba ne," in ji shi. "Ba shi da lafiya ne."

"Allah sarki. Yana ina yanzu?"

"Ya canza aiki. Gwada wannan, in ta yi maka kaɗan ka dawo da ita."

Leburan ya tafi. Shi kuma ya jawo kwalin safar, ya ci gaba da haɗa dama da hagu.