Ƙwan da Ya Ƙi Saukowa

Wanzami ne ya fara lura, shekarar da za a yi wa ɗana na fari kaciya a Jega. Ya ja ni bayan rumbu ya ce ƙwan maraina ɗaya ya taɓa, ɗayan yana sama, gara in sani kafin ya sa aska. Daga ranar abinci ya daina shiga mini. Ni dama mai wasiwasi ne, alwala ma sai na maimaita.

Kullum da asuba, ina gama alwala, sai in tada yaron in duba. Babu. Kawuna ya ce a kai shi Aliero masu ɗori su matso ƙwan, na ƙi, tunda ba ƙashi ba ne. Tsorona ɗaya ne: ya girma ya yi aure, haihuwa ta gagara.

A zamanin, likita Bature kan zo rangadi jefi-jefi. Da na ji ya sauka Maiyama, na ɗora yaron bisa jaki. Ta bakin tafinta ya ce a ƙasarsu an fara wata allura mai sauko da ƙwan, daga fitsarin mata masu ciki ake tace ta, amma ba ta iso nan ba. Nan take hankalina ya tafi ga najasa. Na tambaya, in an yi masa, sallarsa fa? Tafinta ya yi dariya ya ce, "Malam, allurar tana bayan teku, kai har ka fara wanke ta."

Likita ya tambayi lokacin da nake dubawa, na faɗa. Ya sa aka zaunar da yaron cikin ruwan ɗumi, sannan ya shafo a hankali daga matsematsi. Sai ga ƙwan ya sauko, na gani da idona. Ashe sanyin hannuna ke korar shi sama. Ya ce irin wannan yakan zauna da kansa kafin balaga, amma in dawo da shi rangadi na gaba. Na tambayi zancen haihuwa, ya ce bai ga abin da zai hana ba. Na sake tambaya, ya sake faɗa.

Sai da muka yi nisa na tuna ban tambayi iya ɗumin ruwan ba. Na ja jakin zan juya, yaron ya ce, "Baba, yunwa nake ji." Muka ci gaba.